Mayafin da Baba Ya Ɗaga

Ina tsaye a ƙofar gida ina sallamar mai kayan miya, motar Baba ta shawo kwanar layinmu. Da la'asar ne. Na gane ta tun kafin na gan ta, don tsohuwa ce, tari take yi kamar mai ciwon ƙirji. Na ɗaga kai da niyyar yi masa tsiyar da na saba, sai na ga wani saurayi ramamme, gemu ya cinye masa fuska, zaune a kujerar gaba inda Baba yake zama. Munshi Dhani Baksh, tsohon akawun Baba, yana baya shi kaɗai, ya rungume baƙar kwat ɗin Baba a ƙirjinsa.

Ban san lokacin da tumatirin ya zube daga hannuna ba.

Na ce, "Chacha," wato kawu, yadda na saba kiran sa, "ina Baba?"

Ya daɗe kafin ya sauko, gwiwoyinsa sun jima da gajiya. "Shiga ciki, Pirah. Ba maganar titi ba ce."

"Ina Baba?"

"Lafiyarsa ƙalau. A gabana ya sha shayi. Zama ya yi."

"Zama a ina?"

Sai ya juya fuskarsa wajen kogi. Duk ɗan garin Kot Dinal ya san abin da ke wannan ɓangaren: kacha, kurmin da ke tsakanin jingar kogin Sindhu ta nan da ta can, inda babu mai iko sai masu bindiga. Jaridu sun yi ta buga sunan mahaifina a kwanakin nan, amma babu wadda ta san ko wane ne shi.

Sunansa Achar, wato Lahadi a harshenmu, don ranar aka haife shi, kuma a gidan da aka haife shi babu mai sukunin neman wani suna. Kakana noman raba-daidai yake yi a gonar wani mai ƙasa. Wata shekara aka ce ya buɗe ruwa zuwa gonarsa ba ranar layinsa ba, 'yan sanda suka ɗauke shi suka kulle, aka manta da shi a ciki har alkama ta nuna. Ba a tuhume shi ba, ba a kai shi gaban kowa ba. Baba, yana ɗan firamare, shi ke kai masa gurasa a ƙafa. Daga ƙarshe wani lauya ya ji tausayinsu, ya tsaya gaban alƙali ya yi magana ba mai tsawo ba, aka kawo kakana, aka sallame shi. Baba yakan ce, "Na ga mutum ya buɗe baki, ƙofar ƙarfe ta buɗe. Na ce wannan sana'ar zan yi."

Ya yi koyarwa da rana, ya yi karatun lauya da yamma a Sukkur, ya dawo gida ya kafa tebur a gindin dalbejiyar da ke harabar kotu. Sauran lauyoyi sun gina ofisoshi masu sanyi, shi yana nan a gindin bishiya har gashinsa ya yi fari, da baƙar kwat a cikin zafin da ke narka kwalta. Masu kawo masa ƙara manoma ne da masunta da matan da aka hana gado. Wani ya kawo mangwaro, wani kifi, wani kaza. Mahaifiyata, wadda muke kira Amma, takan ce, "An ce mini lauya na aura, ga ni na ƙare a kiwon kaji."

Shi kuma ya ce, "Yi haƙuri, Bhagul. Ranar da na ci babbar shari'a, akuya za a kawo."

Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne zaman sulhun da manyan ƙabilu ke yi su yanke wa talaka hukunci a kan gadon igiya. Yakan ce kotu jaka ce gurguwa, amma a kan hanya take tafiya, kuma kowa na ganin ta. Ya yi faɗa da manya da yawa a kan haka. Sau biyu ana fasa masa gilashin mota.

Ina shekarar farko a jami'a manoma suka taru suka ce sai ya tsaya takarar majalisar lardi. Kujerar ta gidan masu ƙasa ce tun kaka da kakanni. Babu jam'iyyar da ta ba shi tikiti, ya tsaya shi kaɗai, aka ba shi alamar guga a takardar zaɓe. Yaran abokin takararsa suka riƙa bin motarsa suna ihu, "Lauya mai guga, zo ka ɗebo mana ruwa!" Shi kuwa ya leƙo ta taga ya ce, "Ku gaya wa ubangidanku ya saki ruwan tukuna!" Ranar zaɓe mata suka fito daga ƙauyuka ɗauke da gugunansu a ka, suka yi layi a rana. Ya ci.

Na yi zaton wannan ne farkon jin daɗinsa. A majalisar, can Karachi, aka ba shi kujera a layin ƙarshe. Abu ɗaya ya tafi da shi: a wajabta wa kowane ofishin 'yan sanda ya kafa sunayen waɗanda ke tsare a bakin ƙofa, alƙali kuma ya riƙa leƙa ɗakunan da kansa. Ya gabatar, aka ɗage. Ya sake gabatarwa, aka ce mutane ba su cika ba. Ranar da aka ba shi damar magana, bai kai tsakiya ba aka kashe masa abin magana, ya ci gaba da muryarsa ta kotu, na gaba suna hira suna duba wayoyinsu. Ya dawo gida ya zauna a tsakar gida, ko takalmi bai cire ba.

Ya ce, "Pirah, a kotu ko alƙali barci yake yi, dole a rubuta cewa na yi magana. A can babu dole."

Daga nan ya rage dariya. Bai daina zuwa majalisa ba, amma ya koma gindin bishiyarsa duk ranar da ba a zama, kuma kowace Juma'a bayan masallaci yakan buɗe zauren baƙi ga duk mai kuka. Mutane sun ɗauka yanzu yana da iko, suna zuwa da neman aiki da famfo da hanya, yana rubutawa yana aikawa, shiru. Na sha ganin sa yana raka mutum har bakin titi yana ba shi haƙuri kamar shi ya yi masa laifi.

Bana na gama karatun lauya a Haidarabad. Ya zo bikin da wannan tsohuwar kwat ɗin, ya yi ta gaya wa mutanen da bai sani ba cewa 'yarsa ce waccan. A hanyar dawowa ya ce zai sa a ƙara kujera a gindin bishiya. "Amma ki sani, ƙaramar lauya, kaji ne albashinki."

Ban kai ga zama a kujerar ba abin ya faru.

Wata Juma'a na kai shayi bakin zauren, ina jiran Munshi ya karɓa, sai ga wata tsohuwa ta ratso maza kai tsaye. Mace ba ta shiga zauren baƙi, amma babu wanda ya yi saurin tare ta. Sunanta Hajani, daga wani ƙauye a gindin jinga. Ɗanta Sanwal direban tarakta ne, shi kaɗai gare ta, mutanen kacha sun ɗauke shi tun lokacin girbi. Ta je wurin 'yan sanda, ta je wurin mai ƙasarsu, ta je kabarin waliyyi. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta tsaya gaban Baba, ta zare mayafinta, ta shimfiɗa a kan ƙafafunsa, ta tsaya da furfurarta a buɗe.

Maza suka kau da fuska, wasu suka sunkuyar da kai.

Munshi ya matso yana raɗa, amma ina jin sa. "Sain, ranka ya daɗe, kada ka taɓa. Bari in kira matan gida su ɗauka su rufe ta. Pirah ma ga ta nan."

Kowa ya san bambancin. In mace ce ta ɗauka ta mayar mata, an karɓi kukanta, za a yi abin da ya sawwaƙa. In namijin da kansa ya ɗaga ya rufa mata, ta zama 'yar'uwarsa ciki ɗaya, ɗanta ya zama nasa, kuma ba shi da sauran fuskar shiga mutane sai ya dawo da shi. Na ajiye tiren, na ɗaga ƙafa zan shiga. Baba ya dube ni, ya girgiza kai. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki mayafin, ya kakkaɓe shi, ya ɗora mata a ka da hannu biyu.

Ya ce, "Adi, 'yar'uwata, rufe kanki. Je ki gida."

Mahaifiyata ta ji labari kafin baƙi su watse. Ta tare shi a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Shekara nawa kana zagin al'adun manya? Yau kai ne mai ɗaga mayafi?"

"Bhagul, sa'ar uwata ce, kanta a buɗe."

"To ka rubuta takarda! Ba aikinka ke nan ba? Ɗan majalisa ne kai ko ɗan kwale-kwale?"

Ya ce, "Na rubuta takardu har yatsuna sun ƙage. Wa ya karanta?"

Ta juya ta shiga kicin. Washegari ita ce ta haɗa masa allurar ciwon sugansa a cikin ɗan kwanon ƙanƙara. Ya gaya mana magana kawai zai je ya yi da mutanen kacha ya dawo kafin la'asar.

Abin da ya faru a can, daga bakin Munshi na ji, a zaune a tsakar gida, mahaifiyata tana riƙe da ginshiƙi. Sun bar mota a jinga, suka shiga kwale-kwale, aka kai su wata bukka a cikin kurmi. Shugaban mutanen sunansa Bachal. Da ya ga Baba sai ya miƙe, ya taɓa gwiwarsa, ya shimfiɗa masa bargo a kan gado.

Ya ce, "Sain, kai ka fitar da ubana daga kurkuku ina ƙarami. Buhun shinkafa muka kai maka, ka ce mu mayar da rabi."

Baba ya ce, "Da na san abin da za ka zama, da na karɓe duka."

Suka yi dariya har da masu gadi. Sannan Bachal ya faɗi buƙatarsa. 'Yan sanda sun ɗauke ƙaninsa Mithal daga kasuwa, mai gyaran babur ne, bai taɓa riƙe bindiga ba. Babu tuhuma, babu wanda ya yarda yana hannunsa. Bachal na tsoron wata safiya a tsinci gawarsa a gindin jinga da bindiga a gefensa. Abin da yake so, a kai shi gaban alƙali da ransa.

Baba ya ce, "Kai wawa, wannan ai aikina ne ko ba ka kama ɗan kowa ba. Me ya hana ka zo gindin bishiya?"

"In zo kotu da ƙafata, Sain? Ka taɓa ganin kifi ya kai kansa kasuwa?"

Baba ya ce a sako yaron, zai shigar da ƙarar. Bachal ya ce ya yarda da shi, amma mutanensa ba su yarda da takarda ba, in aka saki Sanwal ba su da komai a hannu. Aka fito da Sanwal, saurayin nan da na gani a mota, da sarƙa a ƙafa, ta ci naman idon sawunsa. Munshi ya ce Baba ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Sai ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa Munshi.

"Ku kwance shi. Ni zan zauna."

Aka yi sharaɗi a gaban kowa, aka ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Baba baƙo ne, ba za a sa masa sarƙa ba, zai ci abin da Bachal ya ci, ranar da Mithal ya tsaya gaban alƙali za a raka shi har jinga. Amma in 'yan sanda suka tsallako jinga kafin nan, alkawari ya warware daga ɓangarenmu. Saƙonsa gare ni: in rubuta ƙarar da hannuna, in kai wa abokinsa Lauya Tikam Das ya shigar, tunda ban karɓi lasisi ba. Kuma kada kowa ya kira 'yan majalisa a Karachi.

Na rubuta. Ita ce ƙara ta farko da na taɓa rubutawa. Tikam Das ya karanta da tabarau a kan hanci, ya gyara layi biyu, ya ce, "Rubutun ubanki ne sak, har da yawan surutun." Alƙali ya ba da umarni a kawo Mithal. Ranar zaman, wani jami'i ya miƙe ya ce sun duba, babu mai wannan suna a hannunsu. Alƙali ya ɓata rai, ya ce su sake dubawa, ya sa wata rana.

Ba mu kira Karachi ba. Amma ranar da Sanwal ya isa ƙauyensu an yi kiɗa, an yi guɗa, wani ya ɗauka da waya. Kafin mu farga, talabijin na cewa 'yan fashi sun sace ɗan majalisa. Mutanen da ke duba waya yana magana, su ne suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna dukan tebur, suna kiran sa ɗan'uwansu, suna cewa an taɓa mutuncin majalisa, a ceto shi ko ta halin ƙaƙa. Na kira duk lambar da na samu. Wani ya ce mini, "Kwantar da hankalinki, 'yata, ba za mu bar shi ba." Na ce barin sa nake roƙo. Ya ɗauka ruɗewa ce.

Ni da Munshi da Tikam Das muka je wurin babban jami'in da aka turo daga birni. Saurayi ne mai tsabta, ya ba mu ruwan sanyi, ya saurare mu har ƙarshe.

Na ce, "Sain, ba sace shi aka yi ba. Da ƙafarsa ya je, da bakinsa ya ce zai zauna. In kuka tsallaka jinga, kun karya maganarsa."

Ya ce, "Malama, ke lauya ce. Wace doka ce ta san ɗan majalisa ya zauna jingina a hannun ɗan fashi?"

Munshi ya ce, "Ku kawo Mithal kotu, gobe Sain zai ci abinci a gidansa."

"Baba tsoho, mun ce ba mu san wannan mutumin ba." Ya miƙe, ya raka mu har ƙofa.

Sau ɗaya Baba ya kira ni, da wayar Bachal, da hantsi. Muryarsa ta ɗan dushe.

"Ƙaramar lauya, na ji kin shigar."

"Baba, kana lafiya? Kana yin allurar?"

"Kifi nake ci safe da rana. Ki gaya wa uwarki girkinsu ya fi nata, in na dawo ta rama." Ya yi tari. "Me alƙali ya ce?"

Na gaya masa. Na gaya masa maganar talabijin da motocin da suka fara taruwa a filin ƙwallo.

Ya ce, "Yanzu suka tuna da ni." Sannan ya ce, "Ki nemi alƙali ya aika ma'aikacin kotu ya leƙa ɗakunan da kansa, kada ya jira su kawo. Tikam ya san sashen dokar. Kada ki yi kuka a gaban alƙali, ba ya taimako. Pirah, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Madalla. Ba ni uwarki."

Mahaifiyata ta karɓa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ban san me suka faɗa ba.

Ranar da motocin sulke suka nufi jinga, Hajani ta riga su isa. Ta tara matan ƙauyensu, suka zauna a tsakiyar hanya da Alƙur'ani a ka. Sanwal yana gefe da sanda, yana roƙon duk mai kaki da ya gani a bar shi ya koma a sako Baba. A da, ko ƙabilu biyu na tsakiyar harbi, in mata suka fito haka sai a sauke bindiga. Aka kawo 'yan sanda mata suka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya suka ajiye a gefen hanya. Motocin suka wuce. Aka yanke layin waya a duk yankin.

Daga kan soronmu muka riƙa jin harbi tun safe har rana ta take. Bayan azahar hayaƙi ya tashi daga cikin kurmi. Mahaifiyata ba ta hau soron ba, ta zauna a kan darduma, duk lokacin da ƙara mai nauyi ta tashi sai kafaɗunta su motsa.

An ce an kashe 'yan fashi da dama, ba a faɗi suna ba, ba a kawo gawa asibitin garinmu ba. An ce an sami bukkar Bachal a ƙone, babu kowa a ciki. Wani masunci ya gaya wa Munshi ya ga kwale-kwale biyu sun yi arewa kafin a fara harbi, da wani mai farin gashi zaune a tsakiya. Wani kuma ya ce babu jirgin da ya fita a ranar. Bachal bai aiko da kowa ba. Ban sani ba ko yana raye, in kuma yana raye, ban sani ba ko har yanzu yana kallon Baba a matsayin baƙo.

Hajani tana gidanmu tun ranar. Tana tsince shinkafa tare da Amma. Da farko na kasa kallon ta. Jiya na ga Amma ta ɗebo ruwa ta ba ta a baki.

Alƙali ya amince da roƙon da muka shigar, ma'aikacin kotu zai zagaya ofisoshin 'yan sanda gobe ya nemi Mithal, kuma Tikam Das ya ce in bi su. Munshi yana zuwa jinga kowace safiya ya tsaya inda aka yarda mutane su tsaya, ya tambayi duk wanda ya fito. Layin waya bai dawo ba. Har zuwa yanzu da nake rubutun nan ba mu ji komai game da Baba ba.